Hular Orval a kaina

Fairbanks, Alaska

Yaya Opal,

Gaisuwa mai yawa. Ya Kentucky, ya ƙafar Mama, ya mijinki sarkin barci? Ni lafiya lau, sai sanyi, shi ma tsorona yake ji.

Albishirinki, ƙaninki direba ya zama tauraro. Kin san maigidana Orval Tackett, mawaƙin nan da ya sha ɗauri kan harbin wani a mashaya. Muna isowa ya ce maƙogwaro ya kama shi. Ya kifa min baƙar hularsa da tabarau, ya ce, "Virgil, gemunmu ɗaya, hau dandamali ka yi waƙar a madadina. 'Yan aikin bututun mai ne masu kallon, a buge suke, wa zai gane?"

Na hau, Yaya, na fi shi murya nesa ba kusa ba. Kwalaben da aka jefo min ma ba yawa.

Sai dai akwai wani dogo da ke zama a gaba kullum. Ba ya tafa min, ba ya shan komai, hannunsa cikin kwat. Mai gangarmu ya ce ƙanin wanda aka harba ne. Na tambayi Orval, ya yi dariya, wai, "Kai dai kar ka cire hular." Jiya kuma na ji shi yana waƙa a banɗaki, murya garau.

Kar ki gaya wa Mama, ta dai sa ni a addu'a a coci. Ki aiko min safa mai kauri. Yau ma zan hau, in na ƙi a nan za su bar ni. In kin ji a rediyo an harbe Orval Tackett, kar ki yi saurin cewa Allah ya ƙara.

Ƙaninki,
Virgil