Ƙaryar da Hafsatu ta yi domina

Daren Laraba, cikin kaka

Ciwon nan nawa mai hawa da sauka ya sake kayar da ni. Makon jiya ba na barci, ina ta surutu da dariya har a bakin rijiya. Yanzu kuwa ko tsintsiya ba na iya ɗagawa. Ni na bar shan maganin asibiti don yana sa ni kasala, ga cirar gyaɗa ta zo.

Da hantsi maƙwabciyarmu Yaha ta yi sallama, ina kwance a ɗaki ina jin ta. Hafsatu, 'yata mai shekara tara, ta tare ta a tsakar gida ta ce, "Inna ta tafi kasuwar Tsanyawa." Alhali ga takalmana a bakin ƙofa. Yaha ta ce a gaishe ni, ta ajiye kwanon ɗanwake ta fita.

Can Hafsatu ta shigo, goye da ƙaninta.

"Inna, Malam ya ce mai ƙarya wuta zai shiga. Har da ni?"

Na ce, "Ban da ke. Gobe in Yaha ta zo ki ce ba ni da lafiya, ta shigo."

Ta tsaya daga nesa ta ce, "Ba za ki yi min faɗa ba?"

Ashe tsorona take ji. Ya Allah, ni na haife ta.

Yanzu tana barci a bayana, hannunta riƙe da bakin zanina, ni kuwa na kasa juyawa in dubi fuskarta.