Sakamakon Jininka Ya Fito Bayan Ka Tafi

Zuwa ga Yayana Hamidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ka a kan ƙafafunka, mutanen gida a unguwar Ambassatna duk suna gaishe ka.

Yau kwana shida da ka kora shanu ka tsallake gada zuwa Kuseri. Kwana biyu bayan tafiyarka na je asibiti karɓo takardar gwajin jinin da aka ɗibar maka. Likita ya duba, ya tambaye ni ina kake. Na faɗa masa.

Ya ce ƙodarka ta daina tace jini yadda ya kamata, wani gishiri da ake kira potasiyom ya taru maka. Idan ya ƙara hawa, zuciya takan tsaya ba sallama. Ya lissafo alamomin, ni kuwa duk na riga na gan su a tsakar gidanmu.

Na ga ranar da kofin shayi ya suɓuce maka sau biyu. Na ga ka kasa miƙewa daga sujada sai da ka dafa bango. Ka ce leɓenka kamar tururuwa na yawo a kai. Da na riƙe hannunka, jijiyar tana bugawa, ta yi shiru, ta sake bugawa. Ka janye hannun, ka ce, "Gajiya ce, Hajara, ba ta kashe Bafulatani."

Yaya, ni na cika maka jaka da dabinon garin Faya. Likita ya ce dabino da ayaba su ne kan gaba a abin da ba za ka ci ba. Don Allah ka rabar da shi. Kada ka sha kanwa don kumburin ƙafa. Asibitin da ka fara gani, ka shiga da wannan takarda, shanun su jira.

Na rubuta takardar nan guda uku, na ba direbobin hanyar Gamboru uku. Na roƙe su su karanta a kowane zangon shanu, ko wani ya san inda ka yada zango.

Jiya wani ɗan kasuwa ya ce ya ga garkenmu kusa da Fotokol. Ya ƙirga makiyaya biyu. Ku uku kuka fita.

Ya Allah, Ka riƙe masa zuciyarsa har takardar nan ta iso gare shi. Amin.

Ƙanwarka,
Hajara