A Duba Hammatar Garba Kafin Wanzami Ya Riga Ku

Zuwa ga Maigirma Jami'in da ke kula da ƙananan asibitocin ƙauyukanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da ma'aikata. Sunana Isa, mahauci daga Morai. Daga gadon asibiti a Zariya nake rubuto maka, inda babbar sallah ta same ni ina shan koko, ni da nake feɗe wa rabin gari raguna.

Ranka ya daɗe, ciwona sunansa limfoma. Likita ya ce sankara ce ta kaluluwa, 'yan ƙulluttan nan na wuya da hammata da matsematsi masu tare cuta. Yana bayani, kunya tana kama ni. Tun ina saurayi nake shafa wuyan bijimi a kasuwar Mafara, in na ji kaluluwa ta kumbura ko kallonsa ba na sake yi. Tawa kuwa ta kai ƙwan kaza ina naɗa mata rawani ina fita kasuwa.

Kukana na farko. Tun da ruwan dam ɗin Bakolori ya kwanta, kowane ciwo a wajenmu sunansa zazzaɓin dam. Da bakina na faɗa wa malamin asibitinmu haka, shi kuma ya yarda. Zazzaɓi ya zo ya tafi, in tashi da safe tabarma sharkaf da gumi ko da lokacin sanyi ne, jiki na ƙaiƙayi, ina ramewa har tazugen wandona ya kusa zagaye ni sau biyu. Kowane zuwa, ƙwaya da allura. Ban ce malamin mugu ne ba. Shi kaɗai ne, ga layi har waje, ga masu tsargiya, ga mata da goyo. Amma bai taɓa ɗora hannu a wuyana ba, ni kuma ban taɓa kwance rawani ba. Laifin a raba mana, babban kason nawa ne.

Na biyu, da na gaji sai na yi abin da kakanninmu suka yi, na tafi wajen wani wanzami a Bakura ya yi mini sakiya. Ya gasa ƙarfe ya soka, ko ɗigon mugunya bai fito ba. Ya ce abin bai nuna ba. Na gode masa, na ba shi cinyar rago, kuma wallahi na sake komawa.

Sai nan na san cewa yawancin kaluluwa ba abin tsoro ba ce: tana bin rauni ko mura, ta yi zafi, ta sace. Wadda ba ta zafi, mai tauri, mai daɗewa tana girma, ita ce abar dubawa, kuma ba a gane ta sai an yanki kaɗan an duba. Ba a ɗaukar ta daga wani. In an zo da wuri tana jin magani. Ni na zo a makare. Maganin ta jijiya ake ƙara mini shi, yana sa ni amai, ya share mini kai da gemu.

Abin da ya sa na rubuto shi ne ƙanena Garba. Shi ke riƙe da teburina, shi ke ciyar da gidansa da nawa. Wani direban motar shanu ya zo duba ni, ya ce Garba yana da ƙullutu a hammata tun farkon damina, ba ya zafi, kuma dangi sun yanke bayan girbi za a kai shi wajen wanzamin nan. Na aika wa Garba saƙo, ya ce in ji da kaina. Bai yi ƙarya ba. Likita ya ce mai yiwuwa ba irin nawa ba ne, amma sai an duba.

Don haka ina roƙo, don Allah, a umarci malaman asibiti su riƙa taɓa wuya da hammatar mai zazzaɓin da ya ƙi ji, ko da sai an kwance masa rawani. A kuma tura wani Morai ya kira Garba. Maganar mai farar riga zai ji, tawa ta riga ta zube. Gero ya fara nuna, ranka ya daɗe. In Garba ya zo ya kwanta kusa da ni, ban san wanda zai auno wa gidajen nan biyu hatsi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora, ya tsare ka da irin wannan kwanciya.

Wassalam, naka mai jiran labari,
Isa mahauci, Morai.