Zoben da ba nawa ba

Adda Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin Jos? Ya maigidan da su Ummi? Ya jikin Inna, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Mu nan Bolari lafiya lau.

Adda, ranar Talata na ji maigidana a waya yana cewa ringi ya iso daga Legas. Kin san ni da littattafaina na soyayya, sai na ɗauka zobe ya sayo mini a ɓoye. Har lalle na je aka yi mini.

Da yamma ya buɗe kwalin a gabana. Ashe zobban ƙarfe ne na fistin ɗin cikin inji, na ƙaramin jirgin sama mai feshin gona da ya kwance wa silinda. Ya yi ta dariya, ni ma na yi. Sannan ya ce a wurin aikinsu, duk wanda ya ɗaure inji da hannunsa shi ke zama gefen matuƙi a tashin gwaji. Asabar za su tashi.

Na ce, "Idan noti ɗaya bai ɗauru ba fa?"

Ya ce, "Shi ya sa ake sa mu a ciki, amarya."

A littafi, mace na kuka miji ke fasa tafiya. Na yi kukan, ya share mini hawaye, ya ci tuwonsa.

Don Allah ki taya ni addu'a, amma kar Inna ta ji. Ki gaida kowa. Ni yanzu na yafe zoben, ya sauko kawai.

Ƙanwarki,
Safiya