Yanar Idon Kawu Sada

Katsina

Zuwa ga Kawu Sada,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna. Jan tauraron nan da yakan dusashe ya sake haske, wanda kake kiyasta haskensa da ido tun kana koyarwa a Sandamu, na gama gwada lambobinka da abin da kyamarar jami'armu ta auna. Tsawon lokacin da yake ɗauka ya dusashe ya dawo ya zo ɗaya. Amma a 'yan shekarun nan kana ba shi hasken da ya wuce nasa. Malamina ya ce in cire waɗannan shekarun daga binciken digirina. Ka yi haƙuri.

'Yarka,
Fadila

Daura

Fadila,

Ina gaishe ki. Tun ba a haife ki ba nake hawa soro ina gwada tauraron nan da maƙwabtansa. Kyamarar taku yaushe aka ciro ta daga kwali? Ki gaya wa malaminki ya ɗauki aikina duka ko ya bar shi duka. Idona ƙalau yake.

Allah ya yi miki albarka.
Sada

Katsina

Kawu,

Barka da war haka. Ba zan janye ba. Na kai wa wata likitar ido lambobinka, ta ce yanar ido tana sa mutum ya ga jan tauraro ya fi fararen da ke gefensa haske. Inna ma ta faɗa mini ka daina hawa babur da magariba, ka kuma hana a gaya wa kowa. Ba ta digiri nake yi ba yanzu. Ranar Asabar zan zo in kai ka asibiti. In za ka kore ni, sai dai ka kore ni a zaure.

Ka huta lafiya.
Fadila

Daura

Fadila,

Gaisuwa. An yi mini aikin yanar a idon dama, ya warke, na hagu sai bayan salla. Na duba tauraron, bai kai hasken da nake ba shi ba. Gaskiyarki ce.

Amma kada a cire ko layi ɗaya. Ki buga su da sunana, ki rubuta a ƙasa cewa mai kallon yana da yanar ido a lokacin, don wani tsohon ya gane da wuri. Innarki ta ɓoye tsani, na aro na maƙwabci. Ga kiyasin wannan makon, ki kai wa kyamararku.

Kawunki,
Sada