Gyaran da Yaya Ya Aiko Ya Faɗo Hannuna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya. Mu ma lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗan cewa ba ka kira.

Yaya, kwana shida ke nan na kasa zama wuri ɗaya. Ka san manhajar nan ta kowa da kowa da ka koya mini, mai harhaɗa fayiloli ta fitar da shirin kwamfuta. Watan jiya masu kula da ita suka sa ni cikin masu duba gyaran da ake aiko mata, ni da iyakata sakandare. Gyara na huɗu da ya zo gabana naka ne.

Ka sa sashen da ke gudanar da aiki ya daina tambayar sashen da ke lissafa wane fayil ya dogara da wane, don a yi sauri. Saurin kam an samu. Amma na gwada a tsohuwar kwamfutar shago, tsakanin masu zuwa buga takardu, sau goma sha ɗaya, ina rubutawa a littafina. Sau uku ta fitar da tsohon shiri alhali na canza fayil. Na zargi kaina, na zargi kwamfutar, na ari ta mai gyaran waya na kusa da mu. Haka dai. Kuma ba ka haɗo da gwaji ba, ka san kuwa doka ce.

Mutum biyu ke sa hannu kafin a karɓi gyara. Ɗayan, wancan mai hoton kyanwa a shafinsa, ya riga ya amince, saura ni. Maman yara ta ce in kira ka kawai ka janye a ɓoye, wai wa ya aike ni. Ta ce yau har gishiri na zuba a shayi. Sai dai ƙa'idarsu ita ce duk maganar gyara a fili ake yin ta, don na baya su karanta dalili. Kai ka fara gaya mini haka, ranar da na ji kunyar nuna kuskurena.

Na rubuta amsar sau biyar ina gogewa. Ranar Juma'a zan tura a shafin manhajar, da sakamakon gwajin duka. Idan ni na yi kuskure, ka nuna a can, kowa ya gani, zan ɗauka. Abin da ya fi damuna shi ne a can babu Yaya. Dole in ambace ka da sunanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun ina yaro. Shi ya sa na rubuto in nemi gafararka tun kafin in yi.

Ka gaida Anti da 'yan biyu da Auta. Inna da Kawu suna gaishe ka.

Naka,
Ƙaninka na shago