Ku Mayar wa Hotona Tekunsa

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Hausawa Mazauna Zahir, Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Alhaji yana lafiya tare da iyali, na rubuto ne kaina a sunkuye, a kan hoton da ƙungiya ta yaɗa da sunana.

Na ɗaya, ga asalinsa. Ni mai gyaran firji ne a unguwar Aziziyya nan Makka, ɗaukar hoton sama kuwa abin sha'awata ne kawai. A watan Safar na je bakin teku kudu da Jidda, na kafa kyamara bayan magariba, na jira tashar nan ta sararin samaniya da 'yan Adam suka ƙera, wadda masu bincike ke zaune a cikinta. Da ta gifta na bar idon kyamarar a buɗe, shi ya sa ta fito kamar zaren haske a kan ruwa. Haka na tura wa zauren ƙungiya na waya, da bayaninsa.

Na biyu, sakatarenku ya yanke tekun, ya goge bayanina, ya rubuta cewa wani haske ne ya sauko daga sama a kan Harami. Sunana kaɗai ya bari.

Na uku, Alhaji ya fi ni sanin mutanenmu: abin da duk aka ce daga Makka ya fito, ba a tambaya. Hoton ya isa garinmu Gusau. Mahaifiyata ta sa an wanke mata shi, tana shafa shi a idonta mai ciwo, har ta daina zuwa asibiti. Mata na shigowa gidanmu kallo, ana ce mata uwar wanda Allah ya nuna wa. Da ta kira ni tana kukan murna, wallahi ban iya gaya mata gaskiya ba. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, ni da ko sahun farko ba kullum nake samu ba.

Roƙona, ku fitar da hoton cikakke da tekunsa, ku faɗi gaskiya a duk zauren da kuka tura shi. Mahaifiyata ni zan gaya mata da bakina, ko da za ta daɗe ba ta ɗaga wayata ba, muddin za ta koma wurin likita. Sauran jama'a kuwa ku kuka gaya musu, ku za ku warware.

Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya, Ya tsare mu da yin ƙarya da sunan ɗakinSa.

Wassalam,
Sani mai gyaran firji, Aziziyya.